BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: Darasi Kan Zama da Ambaliya a Gashuwa da Nguru

Karatu: Farawa 41:25-40, Matiyu 7:24-27, Luka 13:1-5

Manufar darasi: Domin iyalai su san inda ruwan ambaliya yake fitowa, da lokacin zuwansa, da shirin da ya kamata kowane gida ya yi kafin ya iso.

Gabatarwa

Baƙon da ya sauka Gashuwa a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba yakan ga abin mamaki. Sama ta washe, gero ya nuna, an fara batun girbi, amma kogi kullum ƙaruwa yake yi. In mutum ya kafa kara a bakin ruwa da yamma, da safe sai ya tarar ruwa ya wuce shi. Baƙo yakan ce, "Ina aka yi wannan ruwa, ga shi an kwana biyu ba a ga ɗigo ba?" Ɗan gari kuwa ya san amsa. Ruwan da yake wucewa ƙarƙashin gadar Gashuwa yau ya sauka ne makonni da suka wuce a ƙasashen Filato da Bauchi da Kano.

Wannan gaskiya ita ce tushen darasinmu. Tun da yawancin ruwan daga nesa yake tasowa, yana kuma ɗaukar lokaci kafin ya iso, ashe akwai zarafin shiri. Iyalin da ya san halin koginsa ba zai hana ruwa zuwa ba, amma zai iya tsirar da rayuka, da hatsi, da dabbobi. Ko da yake da Gashuwa da Nguru muke misali, darasin ya shafi duk wanda yake zaune kusa da kogi, ko fadama, ko kwari.

1. Daga ina ruwan yake fitowa?

Manyan koguna biyu ne suke kawo ruwa ƙasar Bade. Na farko shi ne kogin Haɗeja. Kogin Kano da na Chalawa ne suke haɗuwa kafin Wudil su zama shi, sa'an nan ya ratsa Jihar Jigawa. Na biyu shi ne kogin Jama'are, wanda yake tasowa daga tsaunukan Jos, ya bi ta Jihar Bauchi har ƙasar Katagum. Kafin su kai Gashuwa, kogunan nan sukan rarrabu su bazu cikin shimfiɗaɗɗiyar fadamar da ake kira dausayin Haɗeja da Nguru. Sukan sake tattaruwa kusa da Gashuwa, daga nan ake kiran ruwan kogin Yobe, ko Komadugu Yobe. Shi ne yake bi ta Gaidam da Damasak, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar, ya faɗa Tafkin Chadi.

Ruwan saman da ake samu a Nguru da Gashuwa bai wuce kimanin milimita 500 a shekara ba, na Jos kuwa ya ninka haka fiye da sau biyu. Saboda haka ƙasar da take fama da ƙarancin ruwan sama ita ce kuma take karɓar rarar ruwan wasu ƙasashe. Fadama takan riƙe ruwan kamar soso, ta riƙa sakinsa a hankali. Shi ya sa kogi yake kaiwa maƙura a Gashuwa bayan an wuce marka, wajen Satumba zuwa Oktoba, a Diffa ta Nijar kuwa sai bayan haka.

Ya kamata mu bambanta iri uku na ambaliya, gama kowace da irin gargaɗinta. Akwai ta ruwan sama mai ƙarfi da yake sauka a kan gari, ya cika kwatoci da kududdufai cikin sa'o'i kaɗan. Akwai ta cikar kogi, wadda take tahowa sannu, ana jin labarinta daga gari zuwa gari. Akwai kuma ta fashewar madatsar ruwa ko jinga, wadda ba ta cika aukuwa ba, amma ta fi kowace sauri. A ƙasashen sanyi akwai ta huɗu, wato ta narkewar ƙanƙarar da ta taru a kan duwatsu. A Pakistan a 2022, ruwan sama mai yawa ya haɗu da narkakkiyar ƙanƙara, ambaliya ta shafi mutum miliyan 33. Mu ba mu da ƙanƙara, amma halinmu ya yi kama da nasu: abin da ya faru a kan tudu mai nisa, mutanen gangare ne suke ɗaukar nauyinsa.

2. Madatsun ruwa: amfaninsu da iyakarsu

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Tana riƙe ruwa fiye da kubik mita biliyan ɗaya. Ta Chalawa, da ke ƙasar Ƙaraye, an gama ta a 1992. Dukansu suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Da ruwansu ake noman rani a Kadawa da kwarin Haɗeja, birnin Kano kuma yana sha daga gare su. Wannan amfani ne babba, ba kuwa za mu raina shi ba.

Amma madatsa kamar randa take. Muddin da sauran wuri a cikinta, tana tare ruwa, tana rage wa na gangare ambaliya. In ta cika, duk abin da ya shigo dole ya fita ta mafitar da aka gina domin haka, in ba haka ba bangon kansa zai karye. A shekarar da damina ta yi ƙarfi, madatsun sukan cika a daidai lokacin da ƙasa ta ƙoshi, rafuffuka kuma sun tumbatsa. Haka ya faru a ƙarshen Agusta 2001, sa'ad da ruwa ya ci garuruwa da yawa a Kano da Jigawa. A 2010 ma an yi jayayya: jami'an Jigawa suka ce sakin ruwan madatsun ne ya jawo ɓarna, hukumar kogunan ta musa, ta ɗora laifin a kan yawan ruwan sama.

Akwai abin da mutanen Gashuwa ya kamata su riƙe. Kogin Jama'are ba shi da babbar madatsa. An daɗe ana maganar gina ta Kafin Zaki a Jihar Bauchi, amma aikin bai kammalu ba. Yawancin ruwan da yake isa Gashuwa da damina kuwa daga Jama'are yake. Saboda haka wanda ya ce, "Ba a saki dam ba tukuna, mu kwanta," yana iya ruɗin kansa. Labarin ruwan saman Jos da Ningi da Katagum ya shafe mu kamar yadda labarin Tiga ya shafe mu.

Game da fashewa, tarihi ya ba mu isasshen gargaɗi. Madatsar Bagauda ta Kano ta karye a 1988. A wani kogin dabam, madatsar Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangaren Maiduguri da dare, shekara 30 bayan irin wannan masifa ta 1994. Lura da lafiyar madatsu hakkin gwamnati ne, tambayar halin da suke ciki kuma hakkin kowane ɗan ƙasa ne.

3. Kacala da toshewar hanyoyin ruwa

Dattawan Nguru sun san lokacin da rafuffuka suke ƙafewa da rani. Ruwa ya zo da damina, ya shayar da fadama, ya ja da kaka. Manomi ya girbe shinkafa, ya shuka wake ko alkama a damshin da ya rage, masunci ya kama kifi, makiyayi ya shigo da shanu. Wannan ambaliya ta shekara-shekara albarka ce, a kanta rayuwar Bade da Manga da Hausawa da Fulanin yankin ta dogara. Tsuntsaye ma daga Turai suke zuwa cin rani a nan, har ya sa a shekara ta 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi.

Da aka gina madatsu, sai tsarin ya canja. Babbar cikar damina ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudana kaɗan-kaɗan har da rani domin masu ban ruwa. Ƙasar da ba ta bushewa ita ce abin da ciyawar kacala take so. Ta yaɗu, ta tare laka da yashi, ta toshe hanyoyin da ruwa ya saba bi, irin su tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana. Da ruwa ya rasa hanya, sai ya karkata ta Marma zuwa tafkin Nguru, ya kwanta a kan gonaki da makiyaya shekara da shekaru. Wasu ƙauyuka suna kukan ruwa ya yi yawa, wasu a gangare suna kukan bai iso ba. Kacala kuma ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi.

A 2006 jihohi shida da kogunan suka ratsa, wato Filato, Bauchi, Kano, Jigawa, Yobe da Borno, suka kafa asusu tare da Gwamnatin Tarayya domin gyaran yankin. Ana kuma yashe hanyoyin ruwa da injuna da aikin gayya. Sai dai kacala ba a sare ta sau ɗaya a huta. Aiki ne na kowace shekara.

4. Namu laifin

Bai kamata mu tsaya ga zargin madatsu da hukumomi kaɗai ba. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun sa fadama ta tsuke, wuraren da ruwa yake kwanciya a da suka zama busasshiyar ƙasa. Garuruwa suka cika, filin tudu ya yi tsada, aka yanka filaye a kwari aka sayar da araha. Aka cike kududdufan da suke karɓar ruwan unguwa, aka yi gini a kansu. Leda da shara suka toshe kwatoci da kwalbatoci. Yanzu da damina mai ƙarfi ta dawo, ruwa yana neman tsohon gidansa ne kawai.

A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu. A 2022 waɗanda suka mutu sun haura 600, a shekarar nan kuwa Gashuwa da ƙauyukan ƙasar Bade da maƙwabtansu sun yi asarar gidaje da gonaki masu yawa. A labarin magina biyu na Matiyu 7, ruwa da iska iri ɗaya ne suka bugi gidajen biyu. Bambancin yana ga inda kowa ya kafa harsashinsa. Ubangiji yana magana ne kan biyayya ga koyarwarsa, amma ya ɗauko misalin daga abin da kowane magini ya sani.

5. Ambaliya hukunci ce a kan waɗanda ta ci?

Sau da yawa bayan masifa akan ji ana cewa, "Zunubin mutanen wurin ne ya jawo." Luka 13 ya tsawata mana a kan wannan. Sa'ad da hasumiya ta faɗa wa mutum 18 a Siluwam, Yesu ya nuna sarai cewa ba su fi sauran mazaunan Urushalima laifi ba. Gwauruwar da ɗakinta ya rushe a kwari, talauci ne ya kai ta can. Tallafi take bukata daga gare mu.

Akwai kuma masu cewa shiri rashin bangaskiya ne, abin da Allah ya nufa ba makawa. Amma da Allah ya bayyana wa Yusufu yunwar da take tafe, bai naɗe hannu ba. Ya ba da shawara a ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekarun ƙoshi, aka kuwa ceci al'ummai da wannan tanadi. Gargaɗi alheri ne, wanda ya ji ya yi aiki da shi ya girmama mai bayarwa.

6. Shirin iyali

Tun da rani. Kafin ka sayi fili ko ka kama haya, ka tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya tsaya a 2012 da 2022. Ka dubi jikin bangaye da itatuwa, gama ruwa yakan bar shaida. Mai gidan ƙasa ya ɗaga daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tsawo, ya ƙarfafa gindin katanga da dutse ko siminti, ya gyara indararo. A ɗaga rumbu, a ɗaga bakin rijiya, a nisanta salga da ita. Iyali su zauna su yanke shawara: in ruwa ya zo, gidan wa za mu nufa, ta wace hanya, wa zai ɗauki kaka, wa zai kora awaki? A gaya wa mai gidan da za a sauka tun yanzu.

Da damina ta kama. Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma tana bayyana ƙananan hukumomin da suke cikin haɗarin ambaliya. A saurari rediyo. Wanda yake da ɗan'uwa a Wudil, ko Ringim, ko Haɗeja, ko Jama'are, ya riƙa tambayarsa halin kogi ta waya, gama abin da suka gani yau shi za mu gani nan gaba. A kafa alama a bakin ruwa, a riƙa dubawa safe da yamma. A haɗa takardun fili, da na makaranta, da katin ɗan ƙasa, da takardar aure da ta baftisma cikin leda mai kauri, a ajiye su a sama tare da magungunan masu ciwon suga ko hawan jini, da tocila, da gidan sauro. A kai wani kaso na hatsi da irin shuka gidan dangi a tudu. Manomi kada ya zuba dukan ƙarfinsa a fadama, ya raba tsakaninta da jigawa, ya kuma nemi iri mai saurin nuna.

Ranar da ruwa ya iso. A fita da rana, kada a jira dare. A fara fitar da yara, da tsofaffi, da masu juna biyu, da naƙasassu. Kada kowa ya kwana a ɗakin ƙasa da ruwa ya jiƙa gindinsa, gama rushewar gini cikin dare tana cikin abubuwan da suka fi kashe mutane a ƙasarmu da damina. A kashe wutar lantarki daga tushe. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, mai zurfin santimita 30 kuwa yana iya ɗaga ƙaramar mota. Saboda haka kada direba ko ɗan acaɓa ya gwada hanyar da ruwa ya shanye. Kada a cika wa kwalekwale kaya da mutane, kada kuma a shiga shi da duhu. Wanda ya fita, kada ya koma domin katifa ko buhun shinkafa. Dukiya tana dawowa, rai ba ya dawowa.

Bayan ruwa ya ja. A nan ne haɗari na biyu yake. Ruwan ambaliya yakan kwashe ƙazantar salga ya zuba a rijiyoyi, daga nan sai kwalara, wato amai da gudawa. A tafasa ruwan sha ko a sa masa maganin tsabtace ruwa. A wanke hannu da sabulu. In gudawa ta kama wani, a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, a riƙa ba shi, a kuma garzaya asibiti. A kwana cikin gidan sauro. A yi hankali da macizai a cikin kaya da ɓaraguzai. Kada a koma ɗakin da bangonsa ya tsage sai magini ya duba.

7. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Gida ɗaya ba zai iya kare kansa ba in unguwa ta nutse. Jinga da buhunan yashi aikin gayya ne, yashe kwata ma haka. In bulama ko lawani ya yi kira, bari matasanmu su kasance cikin na farko da za su fito da shebur. Ruwa ba ya tambayar addini ko ƙabila, mu ma kada mu tambaya sa'ad da muke tsamo mutum ko raba abinci. A kuma kiyaye: wanda ya tare ruwa a ƙofarsa ya juya shi gidan maƙwabci bai yi maganin kome ba, husuma ya shuka.

Dattawan ikkilisiya su rubuta sunayen gwauraye, da tsofaffi, da marasa lafiya da suke zaune a kwari, a sa wa kowannensu wanda zai neme shi. In majami'a tana kan tudu, a shirya ta ta zama masauki, a tanadi ruwa da makewayi. Zumuntar mata za ta iya tara mudu-mudu na hatsi da kaka domin wannan rana. A san jami'an hukumar agajin gaggawa ta jiha da ta ƙaramar hukuma tun kafin a bukace su. Ikkilisiyoyin da suke nesa da kogi kuma su tuna da 'yan'uwansu, musamman watanni bayan ambaliya, sa'ad da masu kawo agaji sun watse, rumbu kuwa ba kome.

Kammalawa

'Yan'uwa, kogin da yake ba mu tsoro shi ne yake ba mu shinkafa, da kifi, da ciyawar dabbobi. Kakannin mutanen wannan ƙasa sun zauna da shi lafiya domin sun san lokacinsa, sun kuma bar masa hanyarsa. Madatsu, da kacala, da yawan jama'a sun canja halinsa, saboda haka dole mu sake koyonsa. Kada wannan darasi ya ƙare a karatu. A sujadar iyali ta wannan mako, maigida da uwargida su zauna da yara, su amsa tambaya ɗaya: in ruwa ya zo bana, ina muka nufa?

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa kogi yake ci gaba da cika a Gashuwa bayan ruwan sama ya ɗauke?
2. Cikin iri uku na ambaliya da aka ambata, wanne ya fi barazana ga unguwarku, kuma daga ina za ku sami gargaɗi?
3. Yaya za ka amsa wa wanda ya ce yin shiri rashin dogara ga Allah ne?
4. Su wane ne a ikkilisiyarku da maƙwabtanku ba za su iya fita da kansu ba, wa kuma zai kula da su?
5. Wane aiki ɗaya iyalinku za su gama kafin damina mai zuwa ta faɗi?

Addu'a: A yi addu'a domin waɗanda suka rasa 'yan'uwa, da gidaje, da gonaki, domin ma'aikatan da suke lura da madatsu, da kuma domin shugabanni su riƙe amanar da aka ba su.